Baƙin gilashin mota a Arlit: ado ne, ko kuwa garkuwar direba?

Masu motoci a Arlit da Akokan suna ta manna baƙar leda a gilashi, wasu don ado, wasu don sirri, wasu kuma don gudun rana. Binciken likitoci ya tabbatar da cewa leda mai kyau tana tsare ido da fata, tana kuma rage wahalar zafi. Amma fa duhunta ba shi ne maganin ba, sau da yawa ma shi ne ke jawo hatsari.

Wanda bai taɓa riƙe sitiyari tsakanin Agadas da Arlit a watan Mayu ba, bai gama sanin abin da ake kira rana ba. Tafiyar wajen kilomita 240 ce cikin fili fetal, inuwa sai wadda mutum ya tafi da ita. Ƙarfe ya yi zafi, kujera ta yi zafi, ruwan da ke cikin jarka ya koma kamar an sauke shi daga murhu. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga mai mota, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, ya ɗauki ƴan jikkunansa ya kai wa mai manna leda, ya ce a yi masa baƙa ƙirin wadda ba a ganin kowa a ciki. Abin tambaya shi ne: mene ne wannan leda take tsarewa, mene ne kuma ba ta tsarewa? Wanda ya san amsa ya sayi lafiya da kuɗinsa. Wanda bai sani ba kuwa yana iya sayen wahala yana murna.

Garin da rana ke tsayawa a tsakiyar ka

Arlit gari ne da aka kafa a 1969 saboda ƙarfen iraniyom. Kampanin SOMAIR ya fara fitar da ƙarfen a 1971, na COMINAK kuma da ke Akokan ya fara a 1978, ya rufe raminsa a ƙarshen watan Maris na 2021. A watan Yuni na 2025 ne gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. A duk tsawon waɗannan shekaru, rayuwar garin a kan taya take. Hatsi, da mai, da siminti, da kayan miya, kusan kome shigo da shi ake yi, ko daga kudu ta hanyar Tawa da Agadas wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970, mai tsawon sama da kilomita 600, ko kuwa daga arewa ta Asamaka, a bakin iyakar Aljeriya. Direban kamyo, da na motar fasinja, da mai ƴar Hilux da ke kai kaya ƙauyukan Abzin, da ma'aikacin da ake aikawa rangadi, dukkansu suna share sa'o'i masu yawa a bayan gilashi, shekara da shekaru.

Garin yana tsakanin digiri 18 da 19 arewa da tsakiyar duniya. Ma'anar haka ita ce sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Mayu da kuma ƙarshen Yuli, rana takan tsaya daidai tsakiyar ka da azahar, har mutum ya taka inuwarsa. Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, gajimare baƙo ne, zafin rana kuma daga Mayu zuwa Yuli yakan haura digiri 40 kusan kullum. Ban da hasken da ke saukowa daga sama, akwai wanda ƙasa ke mayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa busasshen rairayi yana mayar da kimanin kashi 15 cikin 100 na haske mai cutarwa da ya sauka a kansa. Ke nan direban hamada daga sama da ƙasa ake dukansa.

Haske uku a cikin rana ɗaya

Domin a fahimci aikin leda, sai an san cewa abin da ke fitowa daga rana iri uku ne. Na farko shi ne hasken da ido ke gani, shi ne ke kashe ido, ya sa direba ya riƙa murtuke fuska. Na biyu shi ne wanda masana ke kira infraruj. Ido ba ya ganinsa, amma fata tana jinsa a matsayin zafi, kuma shi ne ke ɗauke da wajen rabin ƙarfin rana. Na uku shi ne ultrabiyole, wanda ba a gani, ba a kuma jin zafinsa nan take. Shi ne mafi ƙanƙanta, bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, amma shi ne ke yin ɓarna a ɓoye kamar gara a cikin azara.

Shi kansa ultrabiyolen da ke isowa ƙasa kashi biyu ne. Akwai UVB mai ƙona saman fata, wanda kowane gilashi, ko na tagar ɗaki ne, yana tare kusan dukkansa. Akwai kuma UVA, mai ratsa gilashi, ya nutsa cikin fata, ya kai har cikin ido. Tun a 1992 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa hasken rana a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam.

A nan ne bambancin gilashin mota ya shigo. Gilashin gaba falle biyu ne da aka haɗe da wata siririyar roba a tsakiya, shi ya sa in dutse ya same shi yakan tsage ne kurum, ba ya zubewa. Wannan roba, wadda aka sa don tsaron hatsari, tana shanye kusan duk UVA. Gilashin ƙofa kuwa, a yawancin motoci, falle ɗaya ne da aka gasa, wanda in ya fashe yake warwatsewa kamar tsakuwa. Ba shi da robar, don haka kariyarsa ta dogara ne ga yadda kowane kampani ya ga damar haɗa shi.

Gefen hagu shi ke biyan bashin

A 2016, wani likitan ido na Amurka mai suna Brian Boxer Wachler ya auna motoci 29 na kampanoni 15, ƙirar 1990 zuwa 2014, ya buga sakamakon a mujallar JAMA Ophthalmology. Ya tarar gilashin gaba yana tare kashi 96 cikin 100 na UVA, amma na ƙofar direba a matsakaici kashi 71 kawai yake tarewa. A wasu motocin ma kashi 44 ne, wato fiye da rabin hasken yana shigowa. Tsadar mota ba ta ba da tabbacin kome ba a wannan awo, domin an samu masu tsada da gilashinsu ya gaza.

Kafin wannan, a 2012, mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga hoton wani dattijo ɗan shekara 69 wanda ya yi shekara 28 yana tuƙa motar raba kaya a Amurka. Gefen dama na fuskarsa daidai da shekarunsa yake, amma gefen hagu, wanda ke kusa da gilashi, ya yamutse, ya yi kauri, sai ka ce fuskar wani mutum dabam da ya girme shi nesa. Haka kuma wani bincike na jami'ar Saint Louis a 2010 ya nuna cewa a Amurka ciwon dajin fata ya fi fitowa a gefen hagu, musamman ga maza.

Wannan magana ta shafi direban Nijar kai tsaye, tun da shi ma a hagu yake zama. Hanyar Arlit da Agadas kuma kusan kudu da arewa ta miƙe. Wanda ya tashi daga Arlit da safe ya nufi kudu, gabas tana hagunsa, rana tana dukan ƙofarsa har ta yi sama. Wanda kuma ya baro Agadas bayan azahar ya nufi arewa, yamma ce a hagunsa, rana tana tare da shi har faɗuwarta. Mai zuwa da safe ya dawo da la'asar, sau biyu ke nan ake gasa masa kunci ɗaya, da ido ɗaya, da hannu ɗaya. Duk wanda ke shakka, ya dubi hannuwan tsohon direba biyu a jere. Gani ya kori ji.

Leda mai inganci, wadda ake mannawa ta cikin gilashi, tana tare kashi 99 cikin 100 na ultrabiyole. Ba sabon abu ba ne: kampanin 3M na Amurka ya samu takardar mallakar fasahar ledar tare rana tun 1966. Amfaninta na farko ke nan, ta toshe wannan kafa da masu ƙera mota suka bari a ƙofa.

Baƙar fata garkuwa ce, amma ido ba shi da ita

Wani zai ce wannan duk matsalar Turawa ce. Akwai gaskiya a ciki, domin sinadarin da ke sa fata baƙi yana tare haske sosai, kuma ciwon dajin fata da rana ke kawowa ya yi ƙaranci a tsakanin baƙar fata. Sai dai ba kowa ne ke da wannan garkuwa cikakkiya ba. Mutanen Arlit kala-kala ne, akwai Abzinawa, da Larabawa, da Fulani, da Hausawa, da Zabarmawa, da Tubawa, daga mai hasken fata zuwa wankan tarwaɗa zuwa baƙi. Akwai zabiya, wanda a ƙasashen Afirka ciwon dajin fata yana cikin manyan abubuwan da ke kashe shi tun da ƙuruciya. A gare shi ledar gilashi magani ce, ba ado ba. Akwai mata da maza masu shafa man da ke sauya launin fata, waɗanda suka kankare garkuwarsu da hannunsu. Akwai kuma masu shan wasu magunguna da ke sa fata ta kasa jure rana, kamar doksisiklin, da wani maganin hawan jini mai sa fitsari da ake kira idroklorotiyazid. Ma'aikacin da likita ya ɗora a kan irin waɗannan ya kamata ya tambaya ko maganinsa yana cikinsu.

Ido kuwa, na baƙi da na fari duka rana tana cinsa. Ultrabiyole yana cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, wadda ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutane wajen miliyan 15 da yana ta makantar, kimanin kashi 10 cikin 100 ana iya danganta nasu da wannan haske. Haka nan akwai wani jan nama da ke tsirowa a farin ido, yana rarrafowa zuwa baƙin, wanda ya yawaita ga mazauna wuraren rana da iska da ƙura. Ga direba, ido shi ne jari. Ranar da yana ta rufe shi, ranar ce sana'a ta ƙare, kuma aikin cire ta yana bukatar kuɗi da likitan ido, abin da sau da yawa sai an yi doguwar tafiya kafin a samu.

Ba banza ba mutanen Abzin suka riƙe rawani da amawali tun kaka da kakanni, suka bar ƴar siririyar kafa ga ido. Sun gane illar rana tun kafin a ƙera na'urar auna ta. Ledar gilashi, in an yi ta daidai, rawani ce da aka naɗa wa mota.

Zafi yana cin hankalin direba

Amfani na biyu shi ne rage zafi. Mota a rana tarko ce: haske ya ratsa gilashi, kujeru da allon gaban direba su shanye shi, su mayar da shi zafi wanda ba ya samun hanyar fita. Binciken jami'ar Stanford na 2005 ya nuna cewa cikin motar da aka rufe a rana yakan ƙaru da wajen digiri 22 a sa'a ɗaya, kashi 80 cikin 100 na ƙarin kuma a rabin sa'ar farko yake aukuwa, kuma ɗan sassauta gilashi bai canja kome ba. A 2018 masu bincike a jihar Arizona, wadda ita ma hamada ce, sun auna motoci a ranar da zafi ya kai wajen digiri 38: bayan sa'a ɗaya allon gaba ya kai kusan 69, sitiyari 53. To ina ga Arlit a watan Yuni?

Illar zafi ba ta tsaya ga gumi ba. A wani gwaji da aka yi a Suwidin aka buga a 1996, an sa direbobi tuƙi a mota mai digiri 21, wasu kuma a mai digiri 27. Na cikin mai 27 sun kuskure alamu da kashi 50 cikin 100 fiye da sauran, saurin ɗaukar matakinsu kuma ya ragu da kashi 22. Wannan a digiri 27 ke nan, abin da mutumin Arlit zai kira sanyi. Zafi yana kawo gyangyaɗi, da ciwon kai, da saurin fushi, waɗanda dukkansu abokan hatsari ne. Yawan gumi ba tare da isasshen ruwa ba yana wahalar da ƙoda, yana taimaka wa tsakuwa ta taru a cikinta, yana kuma da haɗari ga mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai ciki. Zafin da ya afka wa Sahel a farkon Afrilun 2024, cikin watan azumi, lokacin da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, ya nuna cewa zafi kisa yake yi.

Leda mai kyau tana mayar da kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na ƙarfin ranar da ya faɗa a kan gilashin da aka manna ta. Direba yakan ji bambancin a hannu da kunci nan take. Na'urar sanyaya mota, wadda ake kira kilim, takan samu sauƙin aiki, mai ma ya ɗan ragu. Amma kada a ruɗi kai: motar da aka ajiye a rana za ta yi zafi ko da leda, jinkiri kawai ake samu. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, saboda haka barin yaro a mota don a shiga kasuwa ko banki ganganci ne, da leda ko babu. Baƙin gilashi ma yana iya hana mai wucewa ya hango shi ya kawo ɗauki.

Duhu ba shi ne magani ba

Ga inda masu motoci da yawa ke yin kuskure. Suna zaton gwargwadon baƙin leda, gwargwadon kariyarta. Abin da ke tare ultrabiyole wani sinadari ne da ake sawa a jikin ledar da ƙaronta, kuma ba shi da launi. Akwai leda garai, wadda ba a ma gane an manna ta, tana tare kashi 99 cikin 100. Akwai kuma baƙa wulik wadda rini ne kawai a jikinta.

Ledojin da ke kasuwa iri huɗu ne. Mai rini ita ce mafi araha. Tana rage hasken da ke kashe ido, amma zafi kaɗan take tarewa, kuma a ranar hamada takan koɗe, ta koma ruwan shuni, ta yi ƙuraje. Mai garin ƙarfe tana sheƙi kamar madubi, tana mayar da zafi sosai, sai dai tana iya raunana layin tarho da na'urar nuna hanya a cikin mota, abin da ba wasa ba ne ga mai ratsa daji. Mai garin gawayi ba ta koɗewa da wuri. Ta huɗu ita ce mai ƙananan ƙwayoyin tangaran, wadda ta fi tsada, ita ce kuma ke tare zafi ba tare da ta yi duhu ba. Araha dai ba ta ado.

Kowace leda tana da lamba, wadda ke nuna yawan hasken da take barin ya wuce. Mai lamba 70 tana barin kashi 70, mai lamba 5 kuwa kashi 5 kawai. Ɗan kasuwa ya san lissafi: gilashin ƙofa daga kampani ya riga ya rage haske, yana barin kamar kashi 75 zuwa 80. In aka ɗora masa leda mai lamba 35, abin da zai rage bai kai kashi 30 ba. Da rana tsaka ba a jin ciwon wannan. Amma bayan magariba, ko ranar da ƙura ta rufe gari, a hanyar da ba ta da fitila, inda raƙumi ko jaki ke tsallakawa ba sallama, inda kamyo ya lalace a kan kwalta ba alama, inda yaro a kan babur ke fitowa daga lungu, wannan hasken da aka zubar shi ne tsakanin rai da mutuwa. Madubin gefe ma ta cikin wannan gilashi ake dubansa. Dattijo ɗan shekara 60 kuma yana bukatar haske ninki biyu ko uku na wanda saurayi ke bukata kafin ya ga abu ɗaya. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da leda ba ta iya yi

Leda ba ta aiki sai gilashi yana rufe. Wannan ita ce babbar matsalar tsofaffin motoci da kilim ɗinsu ya mutu, inda direba ke sauke gilashi ya jingina gwiwar hannu a ƙofa. A irin wannan hali kuɗin leda sun tafi a banza, kuma har UVB da gilashi ke tarewa ya samu hanya. Wanda ke da kuɗin abu ɗaya kawai, gyaran kilim ya fi masa. Wanda ba shi da ko ɗaya, riga mai dogon hannu, da rawani, da tabarau mai tare ultrabiyole, da jarkar ruwa, da tashi tun da asuba a huta da azahar, sun fi baƙar ledar banza.

Akwai wata magana da ta keɓanta ga garuruwan iraniyom, wadda ya wajaba a fayyace. Ledar gilashi ba ta da wata alaƙa da tururin da ke fita daga ƙarfen iraniyom ko daga tsaunukan dusarsa, waɗanda a Akokan kaɗai aka ƙiyasta sun kai tan miliyan 20. Ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa tun 2003, da Greenpeace a 2009, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit, sun yi awo sun ja hankali a kan ƙura, da ruwa, da tarkacen ƙarfe. Wannan tururi yana ratsa gilashi da leda, iskar radon kuma shaƙarta ake yi. Duk mai sayarwa da ya ce ledarsa tana tsare wannan, yaudara yake yi. Iyakar abin da za a ce shi ne, rufaffen gilashi yana rage ƙurar da ake shaƙa, kowace iri ce, in dai ana canja matatar iskar motar a kan kari.

Tsakanin likita da jami'in tsaro

Motar da ba a ganin cikinta abin zargi ce a shingen bincike, kuma jami'in tsaro yana da hujjarsa. Mutanen Arlit ba su manta da ranar 23 ga Mayu 2013 ba, lokacin da aka kai hari da motoci maƙare da nakiya a ma'aikatar SOMAIR da barikin soja na Agadas. Ƙasashe da dama sun tsara doka a kan wannan batu. A Faransa, tun daga 1 ga Janairu 2017, gilashin gaba da na ƙofofin gaba dole su bar aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske, wanda ya saɓa kuma tarar yuro 135 ce, sai dai masu wasu cututtukan fata da aka lissafa. A Nijeriya, inda ƴan kasuwa da yawa ke shiga ta Maraɗi da Birnin Ƙonni, dokar 1991 ta hana baƙin gilashi sai da izinin ƴan sanda, bisa dalilin lafiya ko na tsaro. Mai hankali yakan je ofishin ƴan sanda ko na jandarma ya ji abin da aka yarda da shi kafin ya manna, mai larurar fata ko ta ido kuma ya riƙe takardar likita a cikin mota.

Abin daɗi shi ne, bukatar likita da ta jami'in tsaro ba su ci karo ba. Leda mai haske a ƙofofin gaba tana biya wa kowa bukata: direba ya tsira daga ultrabiyole da wani kaso na zafi, jandarma kuma ya ga fuskar wanda yake magana da shi.

Kafin a biya kuɗi

Mai saye ya nemi ganin kwalin leda, da sunan kampanin, da lambobi uku: hasken da take bari, ultrabiyolen da take tarewa, da zafin da take mayarwa. Wadda ba ta da suna ba ta da lamba, a bar wa mai ita. Ana iya gwada zafi ta hanyar riƙe guntun leda a rana, a sa bayan hannu a ƙarƙashi. Ultrabiyole kuwa hannu ba ya jinsa, amma mai tabarau na likita irin wanda ke yin duhu da kansa a rana yana da ma'auni a aljihu: in ya riƙe shi a bayan gilashin da aka manna wa leda ya ga ya yi duhu sosai, to haske yana wucewa. Kada kuma a ɗauka duhun gilashin baya da wasu motoci ke zuwa da shi daga kampani ya wadatar, domin shi ma launi ne a jikin gilashi.

A manna leda a rufaffen wuri, ba a bakin hanya iska na kaɗawa ba, tun da ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta tayar da ƙurji. A bar gilashi a rufe ƴan kwanaki har ƙaro ya kama. A riƙa share rairayin da ke maƙalewa a robar bakin ƙofa, shi ne ke karce leda a duk hawa da sauka, a goge ta da laushin tsumma da ruwa. Wadda ta koɗe ko ta kumbura a cire ta, don ta zama cikas ga gani. A sani kuma cewa leda tana riƙe ɓaraguzan gilashi in an yi hatsari, wanda alheri ne ga fuska, amma tana sa fasa gilashin ya yi wuya ga mai neman fita, don haka ajiye ƙaramar guduma kusa da direba dabara ce.

Masu kampanonin sufuri, da ƴan kasuwa masu motoci, da shugabannin ma'aikatu su ne suka fi kowa iko a nan, domin direban da ke gasuwa sau da yawa ba shi ne mai motar ba. Kuɗin leda mai kyau a ƙofofi biyu bai kai na taya ɗaya ta kamyo ba, alhali idon direba ba a sayar da shi a kanti. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya sauki kowa lafiya.